Allon da Ya Warkar da Makaranta Guda

Da hantsin Talata, hadari ya haɗo ta wajen Sandamu, ya tsaya yana shawara kamar kwamiti, bai zubo ba bai watse ba. Na rufe rumfar facina, na jawo kekena, na tasa ƙanena Kalilu gaba, muka nufi makarantarsu.

Jama'a, ni faci na iya, boko kuwa firamare na tsaya. Amma ko jahili ya san idan gwangwanin sholisho yana ƙarewa alhali tayoyi ba su ƙaru ba, to hanci ke sha. Tun rasuwar Baba yaron nan ya daina dariya, ya daina barci. Rannan na same shi bayan rumfa da tsumma a hanci, gwangwanin a hannu, na ƙwace. Na ɗaga hannu, na kasa saukewa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Maƙwabcina Audi mai shayi ya ce, "Ai tun da Shari'a ta kori giya ta tsallaka Kongolam ta shiga Nijar, yara suka koma kanku masu faci da masu kemis. An sayar da kare an sayi biri."

Na ce, "Audi, magani nake nema, karin magana ina da nawa."

Shi ya tuna min abin da rediyo ta faɗa: Masu Girma, Iyayen Marayu, Garkuwan Matasa, sun buɗe ɗaki a makarantar don ɗaliban da damuwa ko shaye-shaye ya kama. An yanka kirtani da almakashi, an ci kaji, an tafa.

Gaskiya sun yi ƙoƙari, Allah ya ƙara girma. Tun daga bakin ƙofar makaranta za ka hango allon, faɗinsa ya kai ƙyauren tirela, da jan fenti: ƊAKIN 'YAN SHAYE-SHAYE DA MASU TAƁIN HANKALI. An kafa shi yana kallon filin taro, tagogin ajin 'yan mata kuma suna kallonsa. Makaho ma sai ya ji a jikinsa.

Kalilu ya toge. Ya hango Rahmatu, 'yar maƙwabtanmu, a bakin taga.

"Yaya, wallahi gara ka kai ni gidan yari. In na shiga nan, kafin azahar an kai wa Inna labari har da ƙari."

Muna tsaye sai ga wani babba a makarantar, tumbinsa ya riga shi isowa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin nan yana aiki?"

"Aiki? Ai ya gama aiki! Tun da aka buɗe shi ko ɗalibi ɗaya bai taka ba. Ka ga kenan ba mu da ɗan shaye-shaye ko guda. Har yabo aka aiko mana daga sama."

Na ce, "Masha Allah." Ashe allo ma magani ne. Ina ba Masu Girma shawara su kafa irinsa a asibiti, su rubuta ƊAKIN MASU GUDAWA, a wayi gari Daura kaf cikin kowa ya ɗaure.

Na bar Kalilu gindin darbejiya, na shiga ni kaɗai, 'yan mata na leƙe suna ƙus-ƙus. Sai dai su ce mai faci ya taɓu, da ma ba wadda ta yi min alkawari. A ciki na tarar da Malama Barakatu, wadda aka turo don aikin, tana zaune ita da ƙudaje. Na zayyana mata komai. Ba ta yi salati ba, ba ta riƙe baki ba, tambaya ta yi: yana cin abinci? Da wa yake hira?

"Ɗan'uwa, kawo min shi," in ji ta. "Irin wannan ciwo yana jin magana."

"Malama, allon nan fa?"

Ta nuna min wata ƙofa a baya, mai fita wajen rijiya inda ba kowa. "Na roƙa a buɗe ta har na gaji. Kujerun bikin buɗewa aka jibge a bayanta, an ce sai kwamiti ya zauna."

To ni ba kwamiti ba ne. Na zagaya, na kwashe kujerun ɗaya bayan ɗaya, na jera su jikin katanga yadda Masu Girma za su same su lafiya. Na yafito Kalilu. Ya duba hagu, ya duba dama, ya sunkuyar da kai ya shige.

Na daɗe zaune a bakin rijiya. Can na jiyo kukansa ta ƙofar, irin kukan da bai yi ba ranar jana'izar Baba. Ban san kuka na iya faranta wa mutum rai ba sai ranar.

Da na miƙe sai na ga ƙaramar motar Malama a inuwa, tayar baya ta kwanta. Gwangwanin da na ƙwace hannun Kalilu yana aljihuna, kayan aiki na kan kekena. Na cire ƙusar da ta huda tayar, na liƙe, na ba ta iska, na yi tafiyata kafin Malama ta fito. Aƙalla yau sholisho ya shiga inda aka yi shi domin ya shiga.

Don Allah mai karatu, kada ka faɗa wa Masu Girma zancen ƙofar bayan nan. Suna ji za su zo da almakashi, da kaji, da sabon allo.