Buzun da Na Shimfiɗa wa Ubangiji

Ba zan taɓa mantawa da makon da Ishaya ya nemi aurena ba. Lokacin ina koyarwa a Talata Mafara, ina haya a gidan Inna Lami, tsohuwar da mijinta mahauci ne kafin ya rasu. Ishaya mutumin kirki ne, amma aurensa na nufin in ajiye aikina in bi shi Maradun. Tsoro ya kama ni.

Fastonmu ya ce in yi addu'a, in karanta Littafi Mai Tsarki, in shawarci manya. Ni kuwa (gaggawa ce halina tun ina goye) sai na tuna labarin bawan Allahn nan na cikin Littafin da ya shimfiɗa ulu a ƙasa, ya roƙi raɓa ta jiƙa ulun kaɗai. Na sayo buzu a kasuwar Talata, na shimfiɗa bayan ɗakina, na ce, "Ya Ubangiji, in Ishaya ne, ka jiƙa shi."

Ana tsakiyar bazara, ko ɗigon raɓa babu. Da safe na tarar da buzun sharkaf, ƙasa kuwa ƙamas. Washegari haka. Rana ta uku na lura ba yadda na ajiye shi nake samunsa ba, kullum kansa na kallon gabas, an shafe gashin sumul kamar da tafin hannu. Ba sawun kowa. Na daina bin bayan ɗakin ni kaɗai, ko da rana tsaka. Na aika wa Ishaya cewa na yarda.

Ranar da iyayensa mata suka zo gaisuwa, na zauna a tsakar gida ina ba su shaida har da hawaye. Suna ta "Halleluya". Inna Lami tana gefe tana tsince wake, sai ta ɗago.

"Ɗiyata, ashe buzun ga naki na? Ai ni ka wanke shi kullum bayan asuba. Na ishe abin salla yashe ƙasa, awaki na taka shi, raina bai so ba. In na wanke sai in daidaita mai alƙibla, in share wurin."

Na ji kamar in nutse.

Da yamma Ishaya ya zo, bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Wato da Inna ta makara, da kin ƙi ni?"

Na roƙe shi ya ba ni wata biyu, na yi abin da fasto ya faɗa tun farko, sannan na ce masa e da bakina da hankalina. Yanzu 'ya'yanmu uku.

Na dai koyi cewa Allah ana roƙonsa hikima ne, ba a shirya masa jarrabawa. Wadda ta shirya kuwa, maƙwabciya ce za ta amsa mata.