Injin Auna Ido a Kan Zuera

Tsohuwa Zuera ta bar dako a kasuwar Tudu shekara goma sha biyu ke nan, amma har yau ba ta fita sai da gammo a jakarta. Wata rana tana zaune a bakin titin unguwar Nima, sai tasi ta sauke jikanta Mumuni, mai shagon tabarau, rungume da akwati. Injin auna ido ne ya karɓo daga wurin gyara a unguwar Kanda. Mota ba ta shiga lungunsu, kuma mai gyaran ya ce in madubin ciki ya sake gocewa, babu irinsa a garin nan.

"Sannu da zuwa, mai gidana," in ji Zuera. "Wannan fa? Haihuwa ka yi ba ka gaya mini ba?"

"Matsa can, amarya, kada numfashinki ya taɓa shi. Injin nan ya fi ki daraja."

"Ya fi ni, na ji. Da me za ka shiga da shi?"

"Okada zan kira."

"A duwatsun lungun nan? Sai ya zama gari kafin ka kai shago."

"To, baro."

"Doya ce? Ɗora mini."

"Ke? Ke da sai an kama ki kike tashi daga tabarma?"

"Shekara talatin ina ɗaukar ƙwai kiret shida, ko ɗaya bai fashe ba. Kai kofin koko ma sai rigarka ta sha rabi."

Mumuni ya dubi lungun, ya dubi katakon da aka gitta a kan kwata. Ya daɗe yana duba. Sannan ya yi bismilla, ya ɗora mata a kan gammon.

"Cire hannunka. In ka riƙe, wuyana ba ya jin kayan."

"Don Allah kada ya karkata, Kaka."

"Au, yau kuma Kaka na zama?"

Ta haye katakon, ƙugu na tafiya, kai na tsaye cak. Gaba kaɗan sai ga Malam Jibirilu, limamin unguwa, a kan bencinsa. Zuera kuwa ba ta taɓa wuce dattijo a tsaye ba.

"Mumuni, durƙusa."

"Ni? Me na yi?"

"Gaisuwata za ka kai. In ni na durƙusa, injinka ma zai durƙusa."

Ya durƙusa, ya gaisa har da tambayar iyali. Liman ya dube shi a hankali, ya ce, "Sannu, Zuera. Yau kin yi gemu."

Lungun nasu ba ya rasa dattawa. Kafin su kai shago, wandon Mumuni ya san ƙasar kowace ƙofa.

Ya sauke injin a kan tebur, ya kunna, ya gwada da idon roba da mai gyaran ya ba shi. Lambobi suka fito daidai. Ya sauke numfashi, ya yi dariya.

"Na sallama, amarya. Zauna, da ke zan fara. Tabarau kyauta."

Ta ɗora haɓa a kan injin, aka auna idon dama. Sai ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ina za ki? Saura na hagu!"

"Ɗaya ya isa. In na gan ka sosai da biyu, auren nan ya mutu."

Takardarta tana nan a aljihun teburin Mumuni, gefen hagu ba a cike ba.