Rasuwar Santsi, Sikocin Bakin Mashin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu cike da ƙuna, ni Mairamu Illa, mai yawur ta bayan tashar Gure, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar sikocin tefulon da ke bakin mashin ɗinmu na liƙe leda, wanda mu a gida muke kira Santsi. Ya cika ranar Talata da hantsi, a bakin aikinsa, bayan jinyar wata biyu.

Da yawa sun sha yawur ɗinmu, kindirmon nan na leda, ba su taɓa ganin marigayin ba. Ɗan siriri ne, faɗin yatsa biyu, tsawon tafin hannu, launinsa kamar na busasshen dabino. Mazauninsa kan ƙarfe mai zafi, inda leda ke gangarowa ta zame, ƙarfen ya cije ta ya rufe bakinta. Shi ne tsakanin wuta da leda. Ta bayansa zafi, ta gabansa guga, kullum sau dubu da ɗari biyu, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Maganarsa ɗaya ce tun daga asuba: sss-tak, sss-tak.

Shi ne auta a naɗinsu. Naɗin ya zo cikin kwalin mashin daga Kano shekara shida da suka wuce, ba wanda ya tambaya, ba wanda ya biya. Yayyensa kowane ya yi wata shida ya tafi, ina yanko wani ina mannawa kamar ba za su ƙare ba. Shi da ya ga ba kowa a bayansa sai ya daure har shekara ɗaya da wata biyu. Kwalin da aka naɗe su a kai, mai ɗauke da sunan gidansu da lambarsu, ni da hannuna na hura wuta da shi na dafa shayi. Wannan laifi nawa ne, kuma na amsa.

Duk wanda ya zauna da shi zai yi masa shaida ɗaya: ba ya riƙo. Leda ta narke a jikinsa, ya sake ta. Sukari ya ɗiga, ya zame. Na taɓa gwada rubutu a kansa da bik, tawadar ta ƙi zama. A garin nan na san mutane masu carbi da ba su kai shi sakin abin duniya ba.

Ciwon ya fara ne daga gefe, inda leda ta fi gugarsa. Fatar ta yi haske, zaren cikinsa ya fara leƙowa fari-fari. Na juya shi, gefen lafiya ya koma gaba. Na rage wuta. Na riƙa goge shi da tsumma mai laushi kamar jariri. Muryarsa ta sauya, sss-tak ta koma ƙirr-tak, daga baya ƙirr kawai. Ranar Talatar nan leda ta maƙale, ƙarfe ya cije, yawur ya yi tsartuwa har rufi. Da na ɗaga, sai na tarar ya tsage biyu.

Kada a ce ba mu nemi magaji ba. Tun yana kwance na aiki Abarshi direba, mai zuwa Damagaram, na ce ya sayo mini tefulon. Washegari ya shigo yana fara'a.

"Inna Mairamu, ga shi har goma na kwaso miki, da arha kamar banza!"

Farin zaren nan ne da masu gyaran famfo ke naɗa wa bututu. Suna ɗaya, hali dabam. Ba shi da gam, ba shi da ƙwari, leda ɗaya ta yi gaba da shi. Na gwada baƙin sikocin masu lantarki, hayaƙinsa ya kore mu waje har da kaji. Sai Burahima, ƙanin maigidana, ya yi magana da wani ta salula aka aiko mana da wani mai kama da marigayin sak, launi da faɗi. Mun yi murna, har Balkisa abokiyar aikina ta rangaɗa guɗa. Kafin azahar gam ɗinsa ya narke, ya sulale daga kan ƙarfen ya bi ledar yawur ya tafi.

Malam Aisami, wanda ya yi shekaru yana gyaran injuna a wani kamfanin roba a Kano, shi ya zo ya duba gawar. Ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, wannan ba a sayen shi da ido, ba a sayen shi da aike," in ji shi. "Kin ga saƙar nan? Zaren gilashi ne aka jiƙa da tefulon, shi ya sa guga ba ta cinye shi da wuri. Gam ɗin bayansa kuma sai na silikon, mai jure zafi sama da digiri ɗari biyu. Na Burahima fuskar ce kawai, gam ɗin na liƙe kwali ne."

Na ce to a kawo mai kauri ƙwarai, ya daɗe.

"In ya yi kauri zafi ba zai ratsa ba, leda ba za ta kama ba. In ya yi siriri, sati uku ya huje. Sai an je Kano da wannan ɗin an auna, an murza a yatsa."

"To ni zan je," na ce.

Ya dubi bidon shida, jarkokin madarar da ke bakin ƙofa.

Nan ne maganar take. Shanu ba su san an yi rasuwa ba. Kowace safiya Adamu, mai ɗauko mana kaya, yana sauke madarar gida goma sha tara daga rugagen hanyar Alakos, kuma madara ba ta jira. In na ce a dakata kwana uku, matan rugagen nan ba su da inda za su kai ta da wannan zafi, sai dai su zubar. Mashin yana aiki da ƙarfe tsirara: leda biyar, in tsaya, in kankare da wuƙa, in shafa man kaɗe, in ci gaba. Balkisa ta karɓe ni rana ɗaya, yanzu hannunta na naɗe da bandeji. Ni yatsuna sun mutu tun zamanin da nake tuyar ƙosai, don haka ni kaɗai ƙarfen ya sani. Aikin da a da muke gamawa kafin hantsi ya yi zafi, yanzu yana kai ni kiran magariba, in wuta ba ta ɗauke ba. In ta ɗauke kuma ba na iya tafiya, don ban san lokacin da za ta dawo ba. Yau kwana tara, iyakata daga mashin zuwa tabarmar salla, taku bakwai.

A cikin kwanakin nan 'yata Ummul Kulsum ta sauka a Gidigir, haihuwar fari, namiji. Tafiyar da mota ke yi kafin shayi ya huce sau biyu. An yi suna jiya. Ta kira ni, ana ta hayaniya a bayanta.

"Inna, ko bayan la'asar ba za ki leƙo ba?"

Na ce mata ina tafe. Ina faɗa ina kankare ƙarfe, ta kuma ji ƙarar wuƙar. Sai ta ce, "Ba komai, Inna. Na aje miki naman."

Marigayin ya bar mashin ɗaya mai baki a buɗe, firigo biyu na sanyaya yawur, naɗin leda huɗu da ba su san makomarsu ba, da farin zaren Abarshi guda tara, wanda duk mai famfo mai yoyo zai iya zuwa ya ɗauka. Ya bar gida goma sha tara a daji. Ya bar ni.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa irinsa salla, mun kuma bi. Ba za a binne shi duka ba. Rabi zai bi Malam Aisami zuwa Kano ranar Asabar cikin ambulan, don a nemo danginsa a kasuwa, ya ce a ba shi kwana tara in hanya ta yi kyau. Ɗaya rabin za a sa shi a gwangwanin tumatir a rufe ƙarƙashin bedi, wato dogon yaro, da ke bayan shago, gobe Jumma'a bayan an sauko daga masallaci. Balkisa ce za ta jagoranta, da hannun hagu.

Masu ta'aziyya su zagayo ta taga, su ɗaga murya, kada su ji haushi in ban juyo ba. Ni ba zan samu halartar binnewar ba. In an gama, wani ya ƙwanƙwasa bango sau biyu in sani.