Rasuwar Rim Huɗu Cikin Duron Soda

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ta yi nauyi, ni Alhaji Yari mai Fijo, na tashar Shinkafi da ke Kaura Namoda, nake sanar da 'yan uwa direbobi, da 'yan kamasho, da masu faci, da duk wanda ya taɓa durƙusawa ya dubi fuskarsa a ƙafar motata, cewa rim ɗina guda huɗu sun rasu. Sun rasu tare, cikin duro ɗaya, a rumfar Malam Sodangi mai fenti da ke bayan tashar jirgi, yau kwana goma sha biyu ke nan.

Na tambayi liman, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, ba a yi masa addu'a, don haka ba zan yi ba. Sanarwa kawai nake yi. Amma ina roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, har ƙarshe, domin akwai mai rai a cikinta.

Ajalinsu da ciniki ya soma. Wata Laraba na kai Malam Sodangi bakin mota, ya tsuguna ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya dubi farin garin da ya maƙale masa a yatsu.

Ya ce, "Sati biyu za ka ba ni, Alhaji. Wanga ba ƙarfen lori ba ne. Da hannu za a bi shi, a goge, a cike ramukan, sannan fenti."

Na ce, "Kwana huɗu."

Ya ce, "To kai wa mai kwana huɗu. Ni ban san shi ba."

Haka munka shirya a kan sati biyu. Ladansa kuwa, tsohuwarsa za ta riƙa shiga gaban mota zuwa Gurbin Bore duk lokacin da ta so, har kaka. Munka tafa. Da yake zai tafi sadakar ukun wata gwaggonsa, ya miƙo mini mabuɗin rumfa, ya ce in na kwance su in ajiye masa a ciki.

Marigayan sun zo duniyar Kaura ne a shekarar da anka ba mu jiha, a ƙafar Fijo mai layin kujera uku da na sayo daga Kwatano. Ba baƙin ƙarfe ba ne irin na kowa, na alminiyam ne, masu yatsu biyar-biyar, farare kamar sabon kwano. A duk hanyar Kaura zuwa Shinkafi babu motar haya mai irinsu. Fasinja kan wuce mota biyu da ke kan layi ya ce shi mai fararen ƙafafu zai jira, 'yan kamasho na ta rantse masa cewa duk hanya ɗaya ce.

Masu haƙuri ne. Sun ɗauki mutum goma sha biyu da buhunan albasa, ba su lanƙwashe ba. A kan kwalta muryarsu shuuu ce, mai laushi. A burjin Zurmi kuwa sai ka ji ƙal, ƙal, tsakuwa na dukansu suna amsawa ba tare da fushi ba. Sau ɗaya kawai ɗayansu ya yi kuka, na gaba na dama, ranar da ƙanena Jatau, wanda shi ke tuƙa motar, ya kauce wa raƙumi kusa da Moriki ya daki dutse. Anka yi masa walda ta ciki, tabon ya zauna kamar tsagen fuska.

Ciwonsu ya daɗe. Lodin kanwa da gishiri da muke ɗaukowa ranar kasuwar Shinkafi, in ruwa ya taɓa shi, a kansu yake tsiyaya. Ga fitsarin shanu a kara, ga tsallaken rafi da damina. Fenti ya fara kumbura, ya ɓare, fari-fari ya fito musu kamar kyasbi. Daga baya iska ta soma zurarewa ta baki, kullum safiya sai mun tsaya wurin mai faci. Shi ya sa na nema musu magani.

Yanzu ga yadda sunka cika. Ina so a saurara.

Ranar Juma'a da hantsi na kwance su, na ɗaura wa mota tsoffin rim na aro, na kai su rumfar Malam Sodangi. Ba ya nan, ya riga ya tafi. Na tsaya ina dubansu, sati biyu na yi mini tsawo. Sai na tuna zamanin da nake bin lori a Gusau, na ga ana jiƙa rim cikin ruwan soda, kwana biyu fenti da tsatsa su zube da kansu. Matata Kulsumu tana yin sabulu. Na koma gida na ɗauki sodarta ba ta sani ba, na cika duron Malam Sodangi da ruwa, na juye ta duka, na tsoma su huɗun. A raina nufina in rage masa aiki, ya dawo ya tarar da su tas, in yi masa dariya.

Kafin in rufe rumfa na ji suna cewa fus, fus, fus. Duron ya ɗauki zafi, wani tururi mai shaƙe maƙogwaro na tashi. Na ce magani ne ke aiki. Ashe magagin mutuwa ne. Soda tana wanke baƙin ƙarfe, amma alminiyam cinye shi take yi. Shekarata sittin da ɗoriya, ban sani ba.

Ranar Lahadi Malam Sodangi ya dawo ya tsamo su. Sun yi baƙi, sun yi sirara, duk huji kamar rariya, yatsun biyu daga cikinsu sun zube. Jatau ne ya fara isa wurin. Ya duba ya ce waɗannan ba namu ba ne, shara ce anka kwaso daga bola, namu an ƙetara da su Nijar. Malam Sodangi ya rantse, ya ce a tambayi Alhaji, shi na ba mabuɗi. Mutane sunka taru. Da na iso Jatau ya tare ni.

Ya ce, "Yaya, kai ka sa su a ruwa?"

Na dubi 'yan tasha sun fi talatin, mutanen da ke zuwa wurina neman shawara kan gyaran mota. Na ce, "Ni ajiye su na yi, na tafi."

Malam Sodangi ya juyo. Kallona kawai ya yi. Kafin La'asar Jatau ya kai ƙara, ya ce sata, anka tafi da Malam Sodangi.

Kowa ya san zamanin da muke ciki. Tun da anka yanke hannun farko a jihar nan, kalmar sata ta daina zama zagi da ake jefa wa mutum a tasha a wuce. Na je a ɓoye na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce abin da anka ba mutum amana, hukuncinsa daban, ba ya kai ga hannu. Ɗayan ya ce sai an ga yadda shaidu sunka faɗa. Ga shi kuma har an sami mutum biyu da sunka ce wai sun ga ana loda wani abu mai ƙyalli a motar Maraɗi. Ni ban san abin da alƙali zai yanke ba, kuma ba na son in gano da hannun mai fenti.

Kwana tara ina shiru. Kulsumu ce ta tsayar da ni a tsakar gida, da buhun soda wayam a hannunta.

Ta ce, "Alhaji, tsohuwar Sodangi ta zo nan sau uku. Ba ta roƙi komai ba, zama take yi ta tafi. In anka kira ni gaban alƙali ba zan yi rantsuwa a kan ƙarya ba, ko kai ne."

Na ce, "Wa zai kira ki?"

Ta ce, "Ni zan kai kaina."

To ga shi na faɗa da bakina, na sa an rubuta, na dangwala yatsa. Rim ɗina ba a sace su ba. Mutuwa sunka yi, ni na kashe su. Malam Sodangi bai taɓa su da komai ba sai yatsunsa.

Marigayan sun bar taya huɗu marayu, da noti goma sha shida, da safaya ɗaya ta baƙin ƙarfe wadda tun farko ba su yi shiri da ita ba, da Fijo da ke yawo yanzu da ƙafafun aro, kowace da kalarta.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan Azahar, a gindin darbejiyar tasha. Za a shimfiɗa gawarwakin a kan buhu, a kife na gaba na dama, duk mai shakka ya zo ya sa yatsa a kan tabon waldar Moriki. Soda ba ta cinye shi duka ba. Mutum biyun da sunka ga abu mai ƙyalli, ana gayyatarsu musamman. Daga nan za a kai su wurin masu zubin tukwane a narkar. Ba a buƙatar goro, ba zaman makoki. Wanda ya zo don dariya ma ya zo, na shirya mata.

Masu zubi sun ci riba, sun ce za a sami tukunya shida. Kulsumu za ta ɗauki ɗaya a madadin sodarta. Ni na rasa rim huɗu, na rasa bakin ba da shawara a tasha. Malam Sodangi ya rasa kwanakinsa a tsare da masu kawo masa aiki, ba tare da ya yi komai ba. Ko asararsa za ta tsaya nan, sai ranar Litinin da ƙarfe tara a gaban alƙali, domin ƙara ta Jatau ce, kuma tun da na gaya masa gaskiya bai sake kwana a Kaura ba. Ya ce kare mutumin nake yi.

Jatau, duk inda anka karanta maka wagga takarda, Shinkafi ko Zurmi, ka sauke fasinja ka juyo. Kai ka daki dutsen, kai ka san tabon. Ka zo ka duba gawa kafin a sa ta wuta.