Sunayen Da Na Yanke Wa Goggo Dije

Ko zan manta da duk abin da na karanta a jami'a, ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Asabar da na tara mutanen unguwarmu a Anaca don su ga gwanintata, na ƙare ina neman inda zan ɓoye fuskata.

A Anaca aka haife ni, a nan na girma. Babana albasa yake sayarwa a Kasuwar Relief tun kafin ya auri mahaifiyarmu. Da na tafi Inugu yin digiri na biyu, sai malamarmu ta sa mu a wani bincike na adana tarihin baka: a naɗi maganar tsofaffi da waya, a gyara a kwamfuta, a ajiye yadda zai daɗe, sannan a kai makarantu yara su gani. Aka ce kowa ya koma cikin mutanensa ya zaɓi tsoho ɗaya. Ni ko tunani ban tsaya yi ba na ce Goggo Dije.

Goggo Dije ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, goggon unguwa ce gaba ɗaya. Tana amarya aka kawo ta daga Arewa, ta tsufa tana sayar da tuwo. Ba ta karatu, ba ta rubutu, amma duk gidan Bahaushen da ke nan ta san wanda ya kafa shi, da garin da ya fito, da wanda ya sauke shi. Baƙo ya sauka a tashar Upper Iweka bai san kowa ba, 'yan okada, wato 'yan acaɓa, ƙofarta suke kai shi. Ta tambaye shi garinsu, ta ce, “Je ka gidan wane, kakansu mutuminku ne.” Da wannan sanin ake ganin girmanta, ita ma ta san haka.

Ranar naɗa na je mata da kayan aiki kamar wadda gidan talabijin ya turo: ga fitila mai zobe, ga ɗan makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, ga ni kuma da gilashin da ba na ciwon ido ba. Na ce, “Goggo, ba mu labarin yadda Hausawa suka zauna a garin nan.”

Ta gyara mayafi, ta yi bisimilla, ta fara:

“Allah ya jiƙan Malam Garba Mai Goro, shi ya fara saukar baƙi a zaurensa. Allah ya jiƙan Hajiya Kande, ita take yi wa matanmu wanka in sun cika. Allah ya saka wa uwar Ngozi, da muka sha ruwan rijiyarta shekara da shekaru ba ta taɓa rufe mana ƙofa ba...”

Na ce a raina gaisuwa ce irin ta manya, yanzu za ta gama. Ina! Suna bayan suna, gida bayan gida, har kusan minti hamsin. Can a tsakiya ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, shirun ya yi tsawo. Na zaci gyangyaɗi ne ya ɗauke ta, sai na yi amfani da damar na leƙa batirin wayata. Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan jima tana kallona, sannan ta ci gaba. Sai a ƙarshe ta ba da labarin da nake jira: yadda ta fara tuwo da tukunya ɗaya, da yadda direbobi suka san ta.

Da na koma Inugu na zauna gyara. Malama ta ce bidiyon da za a kai makaranta kada ya wuce minti sha biyu, don yara ba sa zama. Ni kuma na sami wata manhaja mai yanke shiru da kanta, ina ji da ita kamar ni na ƙera ta. Na sa ta ta share duk inda Goggo ta yi shiru. Sunayen nan kuwa na tattara su a matsayin gabatarwa, na datse da hannuna. Abin da ya rage ya fito tsaf, har da ɗan kiɗa a ƙasa.

Ga inda na ƙarasa kashe kaina. Malama ta sha faɗa mana cewa asalin abin da aka naɗa a ajiye shi wuri uku kafin a taɓa shi. (Na rubuta wannan a littafina, har na ja masa layi biyu.) Amma bikin ƙawata ya taso a Fatakwal, wayata ta cika, ga anko na ɗinka. Na dubi fayil ɗin nan mai nauyi, na ce ai na riga na tsame mai amfanin. Na danna gogewa, ko gezau ban yi ba.

Ashe tun ranar da na naɗe ta Goggo take shela. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce, “Na sa kakanninku a na'ura. Ko yau na mutu, suna nan.” Don haka ranar nuni, bayan la'asar, ajin Islamiyyar unguwa ya cika har taga. Alhaji Mamman, jikan Malam Garba Mai Goro, tun daga Fatakwal ya kwaso 'ya'yansa a mota. Mama Ngozi, maƙwabciyarmu Ibo, 'yar mai rijiyar nan, ta ɗauro ɗankwalinta na zuwa coci ta zauna a layin gaba. Aka sa wa Goggo kujera kusa da bango inda hasken majigi zai sauka. Babana yana ta kai da kawo yana ce wa mutane, “'Yar wajena ce ta haɗa.”

Na sha leshi, na yi jawabi. “Fasahar zamani” da “ɗorewar al'ada” kam na faɗe su ya fi sau goma. Har na ce, Allah ya yafe mini, mu ne za mu ceto tarihi daga bakin mantuwa. Aka rufe tagogi da zannuwa, na kunna.

Minti sha biyu cif. Goggo ce a bango tana cewa “na yi”, “na dafa”, “gidanmu”, “tukunyata”. Kiɗa ya tashi, sunana ya fito da manyan baƙaƙe, hoto ya ɗauke. Na juyo ina murmushi ina jiran tafi. Ba abin da ake ji sai ƙarar fanka.

Alhaji Mamman ya yi gyaran murya. Bai ko dube ni ba, Goggo ya fuskanta.

“Goggo, ashe ke kaɗai kika kafa Anaca? Mun taso yara tun daga Fatakwal su ji sunan kakansu, sai tarihin tukunya muka tarar.”

Mama Ngozi ta juyo wajen Goggo a hankali ta ce, “Mama, my mama no dey inside?” Tambaya take ko an manta da uwarta, kuma yadda ta yi ta ƙasa-ƙasa ya fi faɗan Alhaji ciwo.

Goggo ta ce, “Wallahi na faɗe su. Duk na faɗe su.” Daga baya na ji wata ta ce, “Tsufa ne, a yi mata uzuri.” Wata kuma ta ce ba tsufa ba ne, son kai ne. Matar da ta yi rayuwarta tana riƙe wa mutane sunayen iyayensu, ga ta zaune ana zaɓa mata tsakanin ruɗewa da cin amana, kuma ni na jawo mata.

Gaskiya ɗaya ce, ba nan take na miƙe ba. Sai da na yi tunanin in ce kwamfuta ce ta yi gardama (wa zai ƙaryata ni a ɗakin nan?). Amma na ga Goggo tana lalubar bakin mayafinta tana kai wa ido. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙe.

“Baba Alhaji, ku yi haƙuri, ba laifin Goggo ba ne. Ta faɗi kowa. Ni na yanke.”

“Kin yanke? Saboda me?”

“Na ɗauka gaisuwa ce.”

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Alhaji ya ce, “To, ba komai. Sako mana na asalin mu ji.”

“Na goge shi.”

“Kin goge.”

“Wayata ce ta cika. Za ni biki.”

Har yau ban san abin da ya sa na ƙara wannan ta ƙarshen ba, ba wanda ya tambaye ni. Wata tsohuwa a bayana ta ce, “Oh ni, an share kakanninmu don hoton anko.” Wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Babana, mai shelar 'yar wajensa, ya sami wani abu a ƙasa yana ta kallo. Gumi ya jiƙa leshin nan har baya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar na ji shi a wuyana.

Goggo ce ta cece ni, ita da na kunyata. Ta ɗaga hannu, aka yi tsit.

“Ku ƙyale ta. Yarinya ta zo sheƙe ƙaiƙayi ta zubar da hatsin, ba a kanta farau ba. Ai da ta yi shiru, da ni kuka tafi kuna zagi.” Ta juyo wajena. “Zo nan, 'yar boko, maƙala min abin naki. Amma wannan karon ki ajiye almakashin.”

Na maƙala mata makirfo, na kunna waya, na durƙusa a gefenta. Ta yi bisimilla.

“Allah ya jiƙan Malam Garba Mai Goro.”

Alhaji Mamman da 'ya'yansa suka ce amin, ɗakin duka ya amsa. Ta ambaci Hajiya Kande, wasu mata uku a kusurwa suka amsa da kuka. Ta zo kan uwar Ngozi da rijiyarta, Mama Ngozi ta ɗaga hannu sama ta ce nata amin ɗin da ƙarfi. Duk sunan da aka kira akwai masu shi a ɗakin. Wani ma har ya ƙara da garin da kakansa ya fito, Goggo ta gyara masa, ta ce ba can ba ne, ƙauyen gaba ne. A nan na gane abin da na kira gabatarwa shi ne tarihin.

Sai ta iso wurin nan. Ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, daidai yadda ta yi a ɗakinta. Na ce a raina ko yanzu kam ta manta. Alhaji Mamman ya cire hularsa ya riƙe, ya ce:

“Allah ya jiƙan Malam Isa Direba.”

Kowa ya ce amin. Goggo ta ɗago, ta ci gaba.

Mijinta ne. Tun da aka kawo ta garin nan bakinta bai taɓa furta sunansa ba, don kunya, kuma mutuwarsa ba ta canza haka ba. In ta zo kansa sai ta bar masa gurbi, wanda ke kusa ya cike mata. Duk unguwa an san wannan, ban da ni mai bincike. Ranar da na naɗe ta mu biyu ne kawai a ɗakin. Kallon da ta yi mini, ni take jira in faɗa, ni kuwa ina duba batir.

Wannan naɗin na biyu awa ɗaya da 'yan mintuna ne, ban taɓa ko daƙiƙa ɗaya a cikinsa ba. Yana ajiye wuri uku, kuma malama da ta saurara ta ce ya fi wanda ta nema. A Islamiyya kashi-kashi ake sa wa yara, kuma yaran da aka ce ba sa zama suna zama, kowa na jiran a zo gidansu.

Goggo ta rasu bayan haka da 'yan watanni. Ina gode wa Allah da ya kunyata ni tana da rai, don da kunyar ta makara, da ba mai sake faɗa mana. Ina gode mata ita ma, ko da yake ta bar mini gado: har yau in na bi ta Kasuwar Relief, abokan Babana “Mai Almakashi” suke kirana, ina kuma amsawa.

Yanzu in ina koya wa sababbin ɗalibai aikin, ba na fara musu da manhaja. Cewa nake, in tsoho ya fara jero sunaye, ku bar shi ya gama. In kuma ya yi shiru yana kallonku, kada ku duba batir, wataƙila ku ake jira. Allah ya jiƙan Goggo Dije, ita da Malam Isa Direba.