Ranar da Midhat Ya Cire Fambel

"Daƙiƙa goma sha huɗu! Wallahi ko ɗigo ba zan ƙara ba. Kafin Doktora ta gama laluben giya ta biyu, ni na kai ƙarshe, na juyo, har na sa an haɗa mini shayi."

Mai wannan cika bakin, abokina, shi ne Midhat Abul-Izz, mai shagon fanka da firji a unguwar Shubra ta Alƙahira. Gajere ne, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, ga gashin baki da ya sha rini har yana ƙyalli. Ba ya amsa kira sai ka ce masa Bashmuhandis, wato babban injiniya, alhali takarda ɗaya ce rataye a bangon shagonsa, ita ma ta izinin kasuwanci ce. A bayan idonsa kuwa Injiniyan Iska muke ce masa. Da labari ya kai kunnensa sai ya ɗauka yabo ne.

Mu 'yan ƙungiyar masu tsofaffin motocin nan ne ƙirar kunkuru, masu inji a baya, waɗanda ba ruwansu da lagireto, iska kawai ke sanyaya su. Duk Juma'ar farkon wata, da hantsi, mukan haɗu a wani tsohon filin jirgi da ke kan hanyar Fayyum, mu yi tseren mita ɗari huɗu, biyu-biyu. Kofin da ake ci na gwangwani ne, amma surutun da ake samu a kansa ya ishi mutum wata guda.

Wadda ta hana Midhat barci ita ce Doktora Nermin, likitar haƙori, mace marar hayaniya mai shuɗiyar kunkuru. Sau uku suna karawa, sau uku tana barinsa yana shaƙar hayaƙinta. A na ukun ma da ya iso sai ta leƙo ta taga ta tambaye shi, cikin ladabi, ko ya tsaya sayen burodi ne a hanya.

To, ga inda ƙurar take. Motar da Midhat ke wannan kuri da ita ba tasa ba ce. Ta matarsa ce, Madam Suhair, gadon mahaifinta. A cikinta ta koyi tuƙi, har suna ta sa mata, Fulla. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa kafin ta ba shi makulli: kada hannun kowa ya taɓa injin sai na Usta Ramzi, tsohon bakaniken da ke kula da motar tun mahaifinta na da rai.

Ranar Alhamis da la'asar Midhat ya faɗa garejin Usta Ramzi, ya ja shi gefe yana waige-waige.

"Usta, na gano sirrin."

"Allah ya sa alheri, Basha," in ji Usta, yana girmama shi da laƙabin manya.

"Fankar nan da ke hura wa inji iska, wa ke juya ta?"

"Injin mana, da fambel."

"Ka gani! Ashe ɓarauniya ce. Ƙarfin da ya kamata ya tafi taya, ita take sha. A cire fambel, mota ta zama harsashi."

Usta Ramzi ya goge hannu da tsumma, ya dube shi sama da ƙasa. "Masu yin haka a bakin layi suke cirewa, su yi gudunsu na daƙiƙa kaɗan, su kashe inji, su mayar. Wannan motar ba ta da ruwa, Basha, fankar nan ita ce numfashinta. Ka ba ta minti biyar babu ita, ka dafa injin har ya nuna."

"Usta, Usta! Shekara ashirin da biyu ina sayar da fanka. Ni za ka koya wa iska?"

"A'a, iska kam ka fi ni saninta. Amma ni hannuna ba zai cire ba. Kuma in Madam ta tambaye ni, ban iya ƙarya ba."

Midhat ya fita yana tsaki, yana cewa tsufa ya sa mutumin nan tsoro.

Da sassafen Juma'a, Suhair na barci, ya sauka da sufana. Ya ce nauyi shi ne abokin gaba na biyu. Ya kwance kujerar baya, ya cire safaya, ya kwance bamba ta gaba da ta baya, ya yi ta jidarsu zuwa baranda yana nishi. Ya ɗaga batir ya ji nauyi, sai ya musanya shi da ɗan ƙaramin na babur. Ya tsiyaye rabin baƙin mai, wai shi ma kaya ne. Sannan ya ɗauko ƙaton kwado ya datse murfin injin, don kada wani ɗan leƙen asiri ya sace masa fasaha. Da ya gama rage wa mota nauyi, sai ya tsaya a hanya ya ɗora wa kansa kwano biyu na wake da man zaitun, da burodi biyar, da ƙwai uku.

Saura kamar kilomita biyu ya isa filin, ya ratse bayan rumfar wani dattijo mai sayar da kankana, Ammu Garib. A nan ya buɗe kwado, ya cire fambel, ya cusa shi ƙarƙashin tarin kankana, ya mayar da kwado ya datse. Makullin ma a nan ya bar shi tare da fambel ɗin, wai ko giram ɗaya ba zai ɗauka a banza ba.

"Lafiya, Basha?" in ji dattijon.

"Aikin injiniyoyi ne, Ammu. Ba za ka gane ba."

Yana tayar da mota jar fitila ta kama a gabansa. Ya harare ta, ba ta mutu ba. Ya zaro filasta daga aljihu ya liƙe ta. Shi ke nan, matsala ta wuce.

Ya iso fili yana daddanna totur, Fulla na kururuwa. Motoci goma sha biyu ne ranar, aka jefa ƙuri'a, shi da Doktora suka faɗo a zagaye na ƙarshe. Kowa ya kashe motarsa yana jiran layi. Midhat ya kai hannu zai kashe, sai ya tuna da ɗan batir ɗin babur: in ya kashe, wa ya san ko za ta sake tashi? Don haka ya bar ta tana aiki, yana zaune a ciki cikin zafin ranar Yuli, yana ƙara mata wuta lokaci-lokaci don ya tsorata abokan hamayya.

Ba a jima ba wani ƙauri ya fara zagaya fili.

"Wa ke suya a nan?" wani ya tambaya. "A sa mini ta fam goma!"

Usta Ramzi, wanda ba ya fashin zuwa kallo, ya bi ƙaurin da hanci har bayan Fulla. Ya kai tafin hannu kusa da murfin, ya janye da sauri.

"Basha, kashe motar nan! Ka cire, ko?"

"Sirrin sana'a ne."

"Buɗe kwadon nan, don girman Allah. Motar marigayi ce!"

"Doktora ce ta turo ka, na sani. Ka gaya mata ta makara."

Aka kira su layi. Ustaz Wagdi, tsohon malamin lissafi da ke riƙe mana agogo da lasifika, ya ɗaga tuta. Doktora ta gyara tabarau. Midhat ya murza gashin baki, ya ɗaga mata yatsu biyu.

Tuta ta sauka.

Ni dai ba zan ci amanar gaskiya ba: mita hamsin na farko, Fulla ta tashi kamar an harbo ta. Ta wuce shuɗiyar mota da tsawon hannu. Midhat ya fito da kai ta taga yana ihu, "Sai mun haɗu a can, Doktora! A gai da masu ciwon haƙo..."

Bai ƙarasa ba. Aka ji ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar an zuba cokula a injin markaɗe, sannan wani irin DAM! da ya tashi tattabarun da ke kan tsohuwar hasumiya. Hayaƙi fari ya turnuƙe, baƙi ya biyo baya. Wani guntun ƙarfe ya yi tsalle ya gangara gefen titi yana juyi. Fulla ta yi tari biyu, ta ja jiki kaɗan, ta tsaya cik a mita ɗari da hamsin, sauran man da ya bar mata yana tsiyaya a ƙasa.

Doktora ta kai ƙarshe a daƙiƙa goma sha shida, ta juyo a hankali ta tsaya kusa da shi. Jama'a suka yanyame motar. Midhat ya fito yana tari, fuska baƙi ƙirin, ya ce, "Ƙaramin abu ne. Fulogi ne."

"Kawo makullin kwado," in ji Usta Ramzi.

Midhat ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya dubi sama.

Da guduma aka fasa. Da hayaƙi ya lafa, Usta ya durƙusa ya daɗe yana kallo, kamar mai gaisuwar mutuwa. Bawul ya karye ya faɗa kan fistin, fistin ya tarwatse, sandarsa ta huda cikin injin ta leƙo waje.

"Ga fuloginka nan, Basha," ya ce. "Ya fito yana gaishe ka."

Doktora ta sunkuya ta leƙa ramin da idon sana'a. "Wannan ya wuce ciko, Bashmuhandis. Sai dai a cire duka a sa na roba."

"Man fetur ne!" Midhat ya daka tsawa. "Gurɓataccen mai aka sayar mini. Ni injina lafiyarsa ƙalau na fito da shi, komai na wurinsa!"

Daidai nan aka ji ƙararrawa. Ammu Garib ne a kan amalankensa, jaki na ja, ya kawo wa 'yan kallo kankana. Ya tsaya, ya ɗaga wani baƙin abu sama yana kaɗawa.

"Ina injiniyan nan? Basha, ka manta igiyarka a ƙarƙashin kankanata! Ga ɗan makullinka ma."

Abokina, dariyar da aka yi a filin nan, har wani ya zauna a cikin baƙin mai bai sani ba.

Ustaz Wagdi ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso da agogonsa a hannu, agogon na ta tafiya. "Bashmuhandis, doka ta ce agogo ba ya tsayawa sai mota ta ƙetare layi, ko direba ya furta da bakinsa cewa ya janye. Ka janye?"

"Ni? Midhat Abul-Izz? Ban taɓa janyewa ba a rayuwata!"

"To, bismilla. Muna minti goma sha tara."

Midhat ya tuɓe riga ya sa kafaɗa a bayan mota. Turawar farko santsin mai ya kwashe shi, ya zauna daɓas. Ya tashi, ya sake, ya sake zama. Wake kwano biyu ya fara yi masa magana a ciki. Masu motoci suka ce za su ja shi, Ustaz Wagdi ya ce motar da ta gama tserenta ba ta komawa kan layi. Aka duba littafin doka daga farko har ƙarshe, ba a ga inda aka hana jaki ba.

Sai aka kwance jakin daga amalanke, aka kawo shi. Babu bamba da za a ɗaura igiya, sai da Usta ya kwanta a ƙasa ya ɗaura a ƙarfen gaba. Midhat ya shiga ya kama sitiyari, ya ɗaga haɓa sama kamar mai duba faretin soja. Jaki ya taka uku ya tsaya ya ci ɓawon kankana. Ya taka biyar ya tsaya ya yi kuka. 'Yan ƙungiya suka jeru dama da hagu suna tafi, suna kiran, "A hankali, Bashmuhandis, kada ka kife!"

Ana cikin haka tasi ta tsaya a bakin layin ƙarshe. Madam Suhair ce ta fito. Ashe ta tashi daga barci ta tarar da kujerar motar ubanta a baranda, kyanwa na barci a kai, ga bamba biyu jingine da igiyar shanya. Ba ta yi ihu ba. Ta harɗe hannu ta tsaya, tana kallon Fulla na tahowa a bayan jaki, tana ɗigar da mai. Midhat ya hango ta, ya yi ta zamewa a kujera har sai gashin bakinsa kawai ake gani ta saman sitiyari.

Suka ƙetare layi. Ustaz Wagdi ya danna agogo sau biyu, ya ɗaga lasifika.

"Sakamakon ƙarshe! Na goma sha biyu, minti arba'in da uku da daƙiƙa tara, jakin Ammu Garib. Na goma sha uku, Bashmuhandis Midhat, daƙiƙa huɗu a bayansa."

Midhat ya yi wuf ya fito. "Zalunci ne! Jakin ba ya cikin tsere! Bai yi rajista ba!"

"Hancin da ya fara taɓa layi nake rubutawa," in ji Ustaz Wagdi.

Suhair ta tako a hankali. Ta shafa rufin motar, ta miƙa hannu, Midhat ya ajiye mata makulli a tafi ba tare da an ce masa komai ba. Ta miƙa wa Usta Ramzi.

"Za ta tashi, Usta?"

"Za ta tashi, Madam. Wata biyu, in Allah ya so, in kuma an nisanta ta da injiniyoyi."

"Suhair, ki tsaya ki ji," Midhat ya fara. "Daƙiƙa huɗu ne fa kawai tsakanina da shi..."

Ta dubi jakin, ta dubi mijinta, ta ce, "Ka gode wa Allah kai yake ja. Da shi kaɗai ne, da tuni ya isa gida."