Ranar da Sarƙa Ta Ci Rigata

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi, saboda haka da na yanke shawarar rage wa kekena nauyi, ban nemi fatawar kowa ba. Na kai shi wurin Sanusi mai gyara a bakin kasuwar Ƙaura, na umarce shi ya sa masa siraran ƙafafu irin na kekunan tsere, ya cire kariyar ɗora kaya da murfin sarƙa.

"Malam, wanga murhi dai a bar shi," in ji shi. Sannan marar kunyar ya dubi tumbina ya ce, "Kuma nauyin ba ga keke yake ba."

Na tuna masa cewa ni na koya masa ƙidaya.

Ranar Asabar ni ne waliyyin 'yar ƙanena. Na sanya babbar rigata ta shadda, na hau, keke yana tafiya kamar iska. Daidai ƙofar masallaci, a gaban liman da dangin ango, sarƙa ta cafke gefen rigar ta naɗe. A hankali na kife, keke a kaina, hula a kwata. Sai da aka aro almakashin tela aka yanke ni daga abin hawana. Haka na ba da aure da rabin riga, liman yana ta tarin ƙarya don ɓoye dariya.

Har yau murfin yana rataye a rumfar Sanusi. Duk sanda na wuce, sai ya durƙusa da ladabi ya ce, "Malam, rigar ma a rage mata nauyi, ko ta ranar nan ta isa?"